Wankin Bakin Tafki

Maganar da ta cika sabuwar unguwa ita ce wai Auta, matar Dogo, ta kwaso ciwon banza a gidajen ma'aikatan dam. Wai da sunan karɓo kayan wanki take shiga, sai ta daɗe ba ta fito ba. Wasu suka ce direban tifa ne, wasu suka ce a'a, wani mai gyaran waya ne mai hular kwano. Ba a samu wanda ya gani da idonsa ba, amma kowa yana da maƙwabciyar da ƙanwarta ta gani.

A bakin injin niƙa zancen ya iske gwaggon Auta. Mata biyu ne ke layi da robobin hatsi suna ta tauna shi, sun ɗauka ƙarar inji ta rufa musu asiri. Gwaggo kuwa ta tsufa a cikin wannan ƙara, daga motsin leɓe take gane magana. Ta juye musu garinsu, ta kashe inji tun rana ba ta yi tsaka ba, ta karkaɗe zanenta.

Ita ba mace ba ce mai saurin yarda da abin da kowa ya yarda da shi. Ta taɓa yarda, lokacin da aka zo da lasifika a kan mota aka ce idan an tare kogi kowane gida zai samu wuta da famfo, ga asibiti a bakin hanya. Aka tare kogin. Ruwa ya hau ya cinye gari da gonaki da kaburburan iyaye, aka kwaso mutane aka zube su a kan tsakuwa. Ga wayoyin wutar nan sun ratsa ta saman unguwa suna ta kuka, suna kai haske birnin da yawancin mutanen ba su taɓa gani ba, ita kuwa har yau da man gas take tayar da inji. Famfon ya yi tari ranar da aka buɗe shi, ya mutu. Tun daga nan duk maganar da baki ya zo ɗaya a kanta, sai Gwaggo ta je ta taɓa da hannunta. Balle wannan: Auta 'yar ƙanenta ce, marainiya, a bayanta ta girma.

Gidan su Dogo yana layin ƙarshe, cikin gidajen bulo da aka yi su iri ɗaya, kwano a sama ba silin, bango ya tsage tun kafin a tare. Uwar Dogo tana tsakar gida tana ninke kakin ma'aikata, jikarta 'yar ƙarama tana wasa da murfin kwalba a gefe.

"Maraba da mai kuɗin unguwa," in ji ta. "Yau inji ya ƙoshi ne?"

"Inji lafiya lau. Ina 'yata?"

"Tana inda ya dace da ita."

Ta nuna ɗakin ajiya da baki. A nan aka jibge fartanyu da garma, duk sun yi tsatsa don babu gonar da za a kai su. Auta na zaune a kan buhu a tsakaninsu. An ware mata kofi da kwano, an ɗiga musu jan fenti kada wani ya yi kuskuren ɗauka.

"Tashi in gan ki."

Ta dafa bango ta miƙe. Hannuwanta da wuyanta duk shatar duka ne, wani ya yi baƙi, wani ɗanye.

"Igiyar taru ce," ta ce, ganin inda idon Gwaggo ya tsaya. "In ta jiƙe ta fi shiga."

"Saurara nan. Ni na goya ki. Idan kin yi, kin yi, ba a kanki aka fara ba, sai mu san abin yi. Ki gaya mini gaskiya."

"Gwaggo, wallahi ban san kowa ba. Jini nake gani ba lokacinsa ba. Ga ƙaiƙayi, ga wani ruwa mai wari. In ya kusance ni, ji nake kamar ana tsaga ni da reza. Na daɗe ina ɓoyewa, har ya gani a zanin gado."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce in faɗi sunansa."

"Sunan wa?"

"Ni ma abin da nake tambayarsa ke nan."

"To, sun hana ki wankin?"

"Karɓowa da kaiwa aka hana ni. Innarsa ke yi yanzu. Ni dai ina cikin ruwa tun safe."

Gwaggo ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ta san ba za su hana ba. Dogo manomin albasa ne a bakin kogi, gwani kuwa, amma gonarsa tana ƙarƙashin tafki. Abin da ya rage na diyya ya sayi kwalekwale da taru ya ce ya zama masunci, alhali ko kifi ya san ba masunci ba ne. Masu jiragen inji da suka zo daga nesa su ke kwashe na kirki. Gidan nan kaf, da hannun Auta yake ci.

Suna cikin haka Dogo ya shigo, taru a kafaɗa, 'yan kifaye a bokiti waɗanda ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ci. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo da ladabinsa, don Dogo ba mara kunya ba ne, kowa ya shaida. Ɗagowar da zai yi, sai ya ga yarinyar ta sulale ta haye cinyar uwarta.

"Wa ya ce ki taɓa ta?"

Ya fizge yarinyar da hannu ɗaya ya cilla wa uwarsa. Kafin Gwaggo ta miƙe ya ninka igiyar tarun ya fara zuba wa Auta, a baya, a ka, a hannun da ta kare fuska da shi. Ba ta yi ihu ba, ta dai dunƙule a jikin garma, duk saukar igiya sai numfashinta ya ɗauke. Yarinyar ce ke tsala kuka. Gwaggo ta faɗa tsakaninsu, igiya ta same ta a kafaɗa, zafin ya ratsa ta har haƙori. A nan ya tsaya yana haki.

"Gwaggo, ki matsa. Ba ki san abin da ta yi mini ba."

"To gaya mini, ɗan nan. Ga ni."

Ya jefar da igiyar ya fice.

"Kin gani ko?" in ji uwar Dogo tana jijjiga jikarta. "Yaro mai haƙuri ta mayar da shi haka. Wani ne da tuni ya watso mata kayanta waje. Shi ya riƙe ta, yana ci da ita."

"Yana ci da ita, ko tana ci da ku? Zan tafi da 'yata."

"Ki tafi da ita wa zai wanke kayan mutane? An riga an karɓo."

Ba wannan ce ta hana ba. Auta ce ta riƙe gefen zanen Gwaggo ta ce a hankali, "In na fita ba za su ba ni yarinyar ba. Kuma kowa zai ce ashe gaskiya ne."

Washegari Gwaggo ta bi kwaltar da ta hau tudu zuwa gidajen ma'aikata, ita kaɗai ce kwalta a duk yankin. Ta cikin ƙarfen ƙofa ta hango ciyawa kore shar, wani yana ba ta ruwa da tiyo, fitilu kuma a kunne da rana tsaka an manta ba a kashe ba. Mai gadin ƙofar wan Dogo ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

"A'a, Gwaggo! Neman aiki aka zo? Ai mun cika da tsofaffi."

"Miji nake nema. An ce a nan ake rabawa."

Ya fara dariya, ta maƙale masa. Ya jawo mata benci.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Auta ta taɓa wuce ƙofar nan?"

"Wa zai bar ta? Ni kaina iyakata wannan rumfa. Kuku ke kawo ƙullin kayan, in miƙa mata ta ƙaramar ƙofa, ta juya."

"Ka gaya wa ƙanenka haka?"

"Na ce masa ni ban ga komai ba. Ya ce ai ba kullum idona ke kan ƙofa ba. Kuma gaskiya ne, mutum yana zagayawa bayi."

"A zagayawarka bayi ta shiga ta yi ta fito?"

"Gwaggo, don Allah ki rufa mini asiri. Aikin nan da ƙyar na same shi. In maganar ta kai kunnen manaja, wai ana shigo da mata ta ƙofata, ni za a kora, gaskiya ko ƙarya. Gara abin ya tsaya a cikin gida. Miji da mata ne, sun fi kusa. Kuma fisabilillahi, mace tana samun irin wannan ciwo daga iska?"

Sai ga kukun ya fito zubar da shara, wani gajere mai tumbi. Gwaggo ta tare shi da tambayar. Ya dafe ciki yana dariya.

"Mai wankin nan da ba ta ɗaga ido? Ni ko muryarta ban sani ba, Baba. Wai har an ce da ɗaya daga cikinmu? Kai, bari in je in tambayi direbobi wa ya yi wannan sa'a."

Ya koma ciki yana ƙyaƙyatawa. Gwaggo ta bi bayansa da kallo, jikinta ya ba ta cewa ta yi ɓarna.

Daga nan ta gangara bakin tafki, inda ake wanki. A da, a kan duwatsun kogi ake yi, ruwa yana gudu yana tafiya da kumfa. Wannan kuwa ruwa ne kwantacce, mai ɗumi, bakinsa cike da ciyayi da gansakuka, yana wari kamar randar da aka daɗe ba a wanke ba. Mata sun shiga har cinya don su kai inda ya ɗan yi haske. 'Yan ƙananan katantanwa sun manne a kowane dutse da kowane kara. Duk wadda ta fito shanya sai ta tsaya ta sosa ƙafa har ta yi fari. Auta tana can gefe ita kaɗai, sauran sun ba ta fili kamar kuturwa, tana dukan wandon kaki a kan dutse.

Wata bazawara, tsohuwar maƙwabciyar Gwaggo tun garin da ya nutse, ta jawo ta bayan shanya.

"Na ji kin je tudu. Bari in gaya miki wani abu, amma in kin ce ni na faɗa, zan rantse ban taɓa ganinki ba. Abin da ke damun yarinyar nan, ni ma ina da shi. Jinin, ƙaiƙayin, komai."

"Ke?"

"Ni. Tun da malam ya rasu ko hannun namiji ban riƙe ba. To ni da wa na yi? Da dutsen wanki? Kuma ba ni kaɗai ba ce, ki dubi yadda rabinmu ke tafiya."

"To ku fito ku faɗa mana!"

"Mu faɗa a ce mu ma? Kin ga abin da ake yi mata. Ni ina da 'ya'ya mata a gaba."

Gwaggo ta tsaya tana kallon ruwan. Ta san tsargiya, kowa ya san ta, ciwon 'yan samari masu iyo ne, su yi fitsari ja a jikin bango a yi musu dariya a ce sun girma. Ba ta taɓa jin an ce tana kama mace ta wannan hanya ba. Ba ta san ko ita ce ba. Abin da ta sani kawai, duk masu wannan kuka a ruwa ɗaya suke tsayawa.

Da la'asar ta koma gidan su Dogo da niyyar maganar asibiti. Tun daga bakin layi ta jiyo ihun, irin wanda ba ta taɓa jin ya fito daga bakin Auta ba. A bayan ɗakin ajiya ta same su. An cika babban baho da tafasasshen ruwa, an zuba gishiri da wani farin gari da uwar Dogo ta saya wurin mai tallan magani a kasuwa. Dogo ya danne kafaɗun Auta, uwarsa ta riƙe ƙafafu, suna cusa ta ciki.

"Zauna!" in ji uwar Dogo. "Da kina jin daɗin ai ba ki yi ihu ba!"

Gwaggo ta sa ƙafa ta hamɓare bahon. Ruwan ya watsu a tsakuwa yana tururi. Auta ta zube a gefe tana karkarwa, fatar cinyoyinta ta yi jawur, wani wurin ya riga ya tashi.

"Kashe ta za ku yi?"

"Magani muke mata," in ji uwar Dogo. "Da kuɗina na saya. Wace uwar miji ce za ta yi wa irin wannan haka?"

"A kai ta asibiti. Ni zan biya mota, ni zan biya komai. Ba ita kaɗai ke da ciwon nan ba a cikin masu wanki. Ina zargin ruwan nan."

"Ruwa! Kun ji tsohuwa. Ruwan da muke sha muke girki? Wa da wa ke da shi? Faɗi sunansu."

Gwaggo ta tuna kashedin bazawarar, ta haɗiye sunanta.

"Kin gani. Asibiti kuma, a kai ta birni a tuɓe ta gaban maza, a ce matar wane ce? Abin da ya rage mana a duniya sunan gidan nan ne. Gona ta tafi, gida ya tafi, shi ma ki ce mu kai shi a shanya?"

Dogo yana tsaye yana kallon hannuwansa da ruwan ya ƙona.

Da gari ya waye Auta ta koma tafki, don kayan mutane ba su san an ƙone mai wanki ba. Ta shiga ruwan da cinyoyi a saɓule. Ƙunar ta ruɓe, ta fara ruwa, ƙudaje suka san ta. Tafiyarta ta koma ta agwagwa, ƙafa a wawware, ƙullin kaya a ka. Ta rame har zoben azurfar uwarta ya zame ya faɗa tafki ba ta sani ba. Gwaggo takan kawo mata abinci bakin ruwa da man shafawa, ta zauna a kan dutse tana lallashinta su gudu asibiti ko ba da izini ba. Kullum amsar ɗaya ce: yarinyar. An daina barin Auta ta ko hango ta. Da safe kakar ke goya ta ta tafi da ita tudu karɓo kaya.

Duka kuwa bai tsaya ba. Ranar da taru ya fito wayam, akwai duka. Ranar da Dogo ya fito daga bayi fuskarsa a murtuke, akwai duka, ya fi na kullum. Gwaggo ta kai ƙara wurin mai unguwa, ya ce zai kira yaron ya yi masa faɗa, amma ita ma ta ja wa 'yarta kunne. Ta koma wurin wan Dogo, ya hango ta daga nesa ya shige rumfarsa ya rufo.

Ranar da abin ya faru, Dogo ya ɗan samu kifi, ya kai ƙofar ma'aikata don ya sayar. Direbobi na zaune a inuwa suna shan shayi. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Mijin mai wanki! An ce tsohuwarku ta zo bincike. To a cikinmu wa aka zaɓa? A gaya mana mu san na yi wa barka." Suka kwashe da dariya. Ya ajiye bokitin a nan, bai karɓi ko sisi ba, ya gangara inda ya ɗaure kwalekwalensa ya ɗauki filafilin tuƙi.

Bazawarar ce ta zo wurin inji a guje, ba ɗankwali, tana nuna tafki da hannu. Gwaggo ta bar inji yana ci ta bi ta. Tsohuwa ce, gudunta bai fi saurin tafiya ba. Da ta iso, mata sun fito daga ruwa sun cure wuri ɗaya suna salati. Masu gyaran taru suna zaune a gindin itace, ɗaya yana cewa, "Kai, ya isa haka mana," amma bai tashi ba. Wani ya ce masa, "Matarsa ce."

Auta tana kwance, rabin jikinta a ruwa. Dogo yana kanta da filafili, yana ɗagawa da hannu biyu kamar mai faskare.

"Faɗi sunansa! Har tudu an san ni! Faɗi sunansa!"

Ya sauke mata a haƙarƙari na hagu, Gwaggo ta ji ƙarar daga inda take. Ya sake ɗagawa ya sauke a wurin. Gwaggo ta suri dutsen wanki, ita kanta ba ta san inda ta samu ƙarfin ba, ta maka masa a gwiwa. Ya durƙushe, filafilin ya faɗa ruwa. Rigunan kaki sun watse suna yawo a kan tafki.

Babu jini a jikin Auta sai ɗan kaɗan a leɓe. Amma idonta ya yi fari, tafin hannunta ya yi sanyi, cikinta kuma ya ɗaure tamau kamar ganga. Mata suka ɗora ta a baron ɗaukar kaya suka tura har bakin kwalta. Asibitin da aka yi wa unguwa alkawari yana nan a gefen hanya, bango huɗu ba rufi, awaki na kwance a ciki. Suka wuce shi. Wata tifar yashi ce ta tsaya, direban ya sauko ya taimaka aka ɗora ta a gaba. Dogo ya hau baya yana ɗingishi, uwarsa ta biyo da goyo.

Hanyar birni doguwa ce, duk ramuka. Uwar Dogo ta leƙo ta taga tana cewa, "In an tambaya, santsin dutse ne ya kwashe ta. Kin ji ko? Ba sai an tara mana jama'a ba." Gwaggo ba ta ko waiga ba. Kan Auta yana cinyarta. Can Auta ta buɗe ido.

"Gwaggo, na bar kayan mutane a ruwa."

"Rabu da su."

"Za a ce na ɓatar."

Ba ta ƙara magana ba.

A asibiti aka karɓe ta da gaggawa. Likitar mace ce, mai furfura a goshi, ba ta da yawan magana. Ta taɓa cikin, ta duba ƙunar, ta duba ƙasanta, ta sa aka ɗebi jini da fitsari, ta ce a shirya ɗakin tiyata. Sai aka ɗauke wuta. Aka tafi neman mai tayar da janareto, aka same shi, aka ce babu mai a ciki, aka aika a sayo. Gwaggo tana zaune a benci tana jin mutane na kai da kawowa a duhun baranda. Kafin fitilu su dawo, wata nas ta fito ta tsaya a gabanta ta girgiza kai. Gwaggo ta gane.

Uwar Dogo ta fasa kuka, kuka sosai, har da faɗuwa. Da likitar ta fito tana cire safar hannu, ta tare ta.

"Likita, mun yi iya ƙoƙarinmu. Ciwon da ta kwaso ne ya cinye ta. Ga kuma faɗuwar da ta yi. Allah dai ya yafe mata."

"Wane ciwo ta kwaso?"

"Irin na matan da ba sa tsare kansu."

"Waye mijin?"

Dogo ya taso daga inda ya rakuɓe. Abin da ya kasa gaya wa Gwaggo, ya kasa gaya wa uwarsa, ya fito a gaban kowa.

"Ni ma ta shafa mini, likita. Fitsarina ja ne. Na daɗe ina gani. Ni ban taɓa bin mace ba, to daga ina zan samu in ba daga wurinta ba?"

"Mene ne sana'arka?"

"Su nake yi. A tafkin dam."

"Kafin a yi dam ɗin fa?"

"Noma."

Likitar ta dube shi, ta dubi uwarsa, ta dubi Gwaggo. Ta yi magana a hankali, yadda kowa a barandar zai ji.

"Matarka ba ta da ciwon da ake ɗauka wurin namiji. Tsargiya ce. Tsutsa ce da ke fita daga jikin katantanwar ruwan da ba ya gudu, ta huda fatar wanda ya tsaya a ciki. A jikin mace takan sauka a mahaifa da gabanta, ta kawo jini da ƙaiƙayi da gyambo. Ba a shafa wa juna ita a shimfiɗa. Ita ta samu a wurin wanki, kai ka samu a wurin su. Maganinta ƙwaya ce, a rana ɗaya ake shanyewa, kyauta muke bayarwa a tagar can. Kuma ba ita ta kashe ta ba, ba faɗuwa ba ce kuma. Haƙarƙarinta ya karye, saifarta ta fashe, jini ya zuba a cikinta. Duka ne ya kashe ta."